Rabin Taba da Yatsun Ƙafata Biyu

Na sha taba shekara arba'in da ɗaya, na daina da ƙwayar da likita ta rubuta mini. A tsakiyar dainawar aka yanke mini yatsu biyu a ƙafar hagu. Ƙafar ta tsira. Abin da ya faru ke nan.

Ban yi makaranta ba, ban iya riƙe alƙalami ba. Ni nake faɗa, yayarku Rabi take rubutawa, kuma na ce mata kada ta yi wa maganata kwalliya. Abin da ya zaunar da ni faɗa shi ne, shekara huɗu ke nan kuna wuce abokina Mati a nan unguwar Zongo kamar kun wuce turke. Uwarku ta daina aika masa tuwon salla. A gidan nan an gama shari'a cewa shi ya ci mini yatsu. Na ji, na yi shiru, don shirun ya fi mini sauƙi. A cikinku Rabi kaɗai ta san gaskiya, na sa ta alƙawarin ba za ta faɗa ba, yanzu ta ce alƙawarin ya yi mata nauyi. To ku ji yadda aka yi.

Sai na fara da kura, in ba haka ba ba za ku gane ba. Na zo Kwatano daga Kamba ina ɗan shekara goma sha bakwai, a saman buhunan albasa. Aikin da na samu shi ne tura kura, wadda mutanen nan suke ce wa pus-pus, a kasuwar Dantokpa. A fili kowa yana iya tura tasa shi kaɗai. Amma akwai hawan gada. Kurar da ta ɗauki buhu takwas na albasa, mutum ɗaya ba ya hawa da ita. In ta rinjaye shi ta dawo da baya, ko ƙashinsa ko na wani. Saboda haka kowane mai kura yana da mai tura masa baya. Yanzu kai ne a gaba shi a baya, an jima ka bar taka a ƙasa ka tura masa tasa. Ƙa'idar da muka tarar kuwa ita ce, duk abin da ya shiga bakinka a bakin aiki, rabi na mai tura maka ne. Ƙosai, ruwa, goro, taba. Manyanmu suna cewa wanda ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai hau gada. Ba tsoratarwa ba ce. Na ga wanda aka bari.

Mati ne nawa. Bakatsine ne daga wajen Jibiya, ni Bakabe, don haka da zagi muka fara tun ranar farko, har yau ba mu gama ba. Ni na koya masa taba, ba shi ya koya mini ba, wannan ma ku riƙe. Lokacin ba mu da halin sayen kara bibbiyu, sai mu sayi ɗaya a tebur. Mati ya dasa farcen babban yatsansa a tsakiyar karan ya yi alama kafin a kunna. Wanda ya fara ya sha zuwa alama, ya miƙa. Daga baya mun samu halin sayen kwali, amma alamar ba ta tafi ba. In muna son kara biyu sai mu kunna ɗaya mu raba, mu kunna na biyu mu raba. A bakin aiki ban taɓa shan kara guda cikakke ba.

Ciwon a sharaɓa ya fara. In na yi ɗan nisa da kaya sai ta ƙulle kamar an ɗaure ta da waya, in na tsaya ta saki. Na ce tsufa ne. Daga nan ƙafar hagu ta riƙa sanyi, a garin da ko ƙarfe ba ya sanyi. Sai wata rana ƙusar akwati ta soke ni a ƙaramin yatsa. Ƙusar da na taka a rayuwata ba ta ƙirguwa, kwana uku wurin ya rufe. Wannan ya yi wata biyu yana ruwa. Uwarku ta shafa man kaɗe, ta barbaɗa toka, aka kawo rubutu na sha. Ranar da Rabi ta zo daga shagonta na Misebo ta ga ciwon, sai ta fita ta tsayar da zemijan biyu, wato baburan haya, a ƙofar gida, muka nufi asibiti.

Likitar mace ce, 'yar ƙasar nan, ba ta girmi Rabi sosai ba. Tana Faransanci Rabi tana juya mini, wani wurin kuma mu yi da yaren Fon ɗin da na koya a kasuwa. Ta ɗora yatsu biyu a bayan ƙafata ta dama, ta ce in sa nawa in ji. Na ji abu yana bugawa. Ta kai hannuna ƙafar hagu. Shiru. Shekara hamsin da takwas ina yawo a kan ƙafa ban san tana da bugu irin na zuciya ba. Abin ya ba ni mamaki har na manta da tsoro, na yi ta taɓa wannan ina taɓa waccan. Ta ce hanyar jini ce ta tsuke, taba ce ta tsuke ta, shi ya sa ciwon ba ya samun abin da zai warke da shi.

"Papa," ta ce, "ko taba ko ƙafa. Ba ka tafiya da duka biyu."

Na ce mata na gwada. Duk azumi ina kai magariba ban sha ba, amma kafin dabino ya sauka cikina na kunna. Na yi rantsuwa sau biyu, na yi kaffara sau biyu. Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta tambaye ni ko ina shan giya, ko na taɓa ciwon ƙoda, ko farfaɗiya, ko raina yana ɓaci har in ji duniya ta ishe ni. Aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito ta rubuta takardar magani, ordonas kamar yadda ake cewa a nan, ta ce na wata uku ne. Satin farko ƙananan ƙwayoyi don ciki ya saba, daga nan manya, ɗaya da safe ɗaya da yamma, bayan abinci, da ruwa kofi cike. Sannan ta faɗi abin da ya tsaya mini a rai. Ta ce satin farko in ci gaba da shan tabata.

Na ce wa Rabi ta sake tambaya, wataƙila Faransancinta ne ya gaza. Likita ta yi dariya ta ce haka ne. Na ce wane irin magani ne wannan da yake kwana gida ɗaya da cuta? Ta ce a cikin kai akwai wurin da taba take sauka in ta shigo, a nan take sauke daɗinta. Ƙwayar tana riga ta zuwa ta zauna a wurin, taba ta zo ba ta samu inda za ta sauke ba. Nan na gane. A Dantokpa in kana son hana kamyon wani, wato babbar mota, sauke kaya, ba faɗa kake yi da direba ba. Kura kake kaiwa tun sassafe ka gindaya a bakin sito. Ya zo ya yi ta danna hon, ya zagaya, ya tafi da kayansa. Na faɗa mata haka. Ta ce za ta ari maganar ta riƙa faɗa wa wasu.

Farmasi sai da suka aika aka kawo maganin. Rabi ta biya, ban tambaye ta nawa ba, ita ma ba ta faɗa ba. Da uwarku ta ji maganar satin farko, ta ce ko dai na ba likita cin hanci, ko kuma ni da 'yata mun haɗa baki. Ta ce ita shekara talatin tana wanke riguna masu hujin wuta, ba ta taɓa jin an ce wa mai gudawa ya ƙara cin mangwaro ba. Ta karɓe katin maganin ta sa a ƙarƙashin filonta, ta ce ita ce mai ɓallewa.

Na fara sha ina jira in kama ƙarya. Kwana uku ban ji komai ba sai ɗan tashin zuciya. Rana ta shida, mun hau gada mun sauke, Mati ya yi alama ya sha rabinsa ya miƙo. Na ja. Hayaƙi ya shiga ya fito, shi ke nan. Abin nan da yake sauka a kafaɗa ya kwance ta, babu shi. Kamar takardar kwali na kunna na zuƙa.

"Kai Bakatsine, wa ya sayar maka da wannan? Ruwa ya taɓa ta."

"Bakinka dai ruwa ya taɓa. Ni lafiya lau na sha."

Ban yarda ba. Na je wani tebur na sayi wata iri. Haka. Na je wajen wani tsoho mai sayar da mai ƙarfi, wadda ko direbobin kamyo tari suke yi da ita. Haka. Yini guda ina zagaya kasuwa ina ɗanɗana taba kamar mai ɗanɗana miya, Mati yana bina yana shanye ragowa, yana cewa a ƙaro wa Bakabe ƙwaya, shi kakarsa ta yanke saƙa. Da yamma na kwance ƙwayar na ɗora a tafin hannu ina dubawa. Ba ta kai wake ba. Rantsuwa biyu, azumi arba'in, faɗan uwarku, duk ba su yi ba, sai wannan. Na so in san ta yaya take gane hanya daga ciki zuwa kai. Na so in san ta yaya ta kashe daɗin taba ta bar daɗin tuwo.

Akwai kuma mafarki. Likita ta riga ta faɗa mini zai iya zuwa. Ni da in na kwanta kamar buhu nake, sai ga ni ina ganin Kamba. Na ga innata tana tankaɗe a tsakar gida, har launin zanenta, har tabon ƙuna da ke hannunta. Ta rasu ina nan Kwatano, ban samu jana'iza ba, kuma na daɗe da rasa fuskarta. Da safe na faɗa wa uwarku, ta ce in yi sadaka. Na yi. Amma a raina na ce ashe fuskar tana nan a ajiye duk shekarun nan, makulli ne babu.

Rana ta takwas ce ranar ajiye taba. Na ajiye. Da safe ba wuya. Da la'asar muka zauna a inuwar sito inda muka saba. Mati ya yi alama, ya kunna, ya sha zuwa alama, ya miƙo hannu bai ko dube ni ba, yana kallon wasu mata suna rikicin ciniki. Ban karɓa ba. Hannun ya tsaya a sama. Ya juyo.

"Af. Na manta."

Ya dubi rabin nan ya rasa yadda zai yi da shi. Bai sha ba, bai yar ba, har wuta ta kai masa yatsa. Washegari haka. Rana ta uku da ajiyewar ya tashi ya koma bayan kamyo ya sha shi kaɗai, ina jin tarinsa daga inda nake zaune. Tarin nan ya daɗe da shi. Ni kuma ga ƙwayar yamma a aljihuna, don uwarku takan ɓalle ta ƙulle mini a takarda in sha in na ci abinci a kasuwa. Abu mai amfani yana shiga bakina a bakin aiki, mai tura mini baya bai samu rabi ba. Tun da na zo garin nan ban taɓa yin haka ba. Da ya dawo na kwance takardar na miƙa masa.

"Mene ne?"

"Rabinka."

"Ba kai aka rubuta wa ba?"

"Tun yaushe muka fara nawa da naka?"

Ya ƙi. Rabi, rubuta wannan da kyau: ya ƙi har sau biyu. Na ce masa Bakatsine dama sai cika baki, abin da bai kai wake ba ya kora shi. Na yi ta zaginsa har ya haɗiye. Kuma ba zan ɓoye ba, ba tausayi kaɗai ba ne. Ina son in ga ko abin da ya faru a kaina zai faru a kan wani. Ina son wani ya ja taba ya ji kwali, ya dube ni, in ce masa ka gani ko.

Haka muka yi sati huɗu. Ta safe tawa, ta yamma tasa. A gida katin yana ƙarewa daidai, uwarku tana duba ramukan tana hamdala. Rabi ta bugo waya ta ce Baba ka sha, in ce an sha. Ni a ganina ban cuci kowa ba: rabin taba nake sha a da, rabin magani ya kamata ya ishe ni. Ashe kurar da ka gindaya da safe, in ba ka dawo ka tsare ta ba, yamma na yi an ture ta. Ƙishin taba ya riƙa dawo mini bayan la'asar, ba da ƙarfin da ba, amma yana nan. Mati kuwa na faɗa masa satin farko ana ci gaba da sha, shi kuma satinsa na farko ya ƙi ƙarewa. Ya dawo kunnawa a gabana, tunda dai duk muna kan magani. Wata rana na ce ya ba ni in ja sau ɗaya, in gwada ko ƙwayar tana aiki har yanzu. Ni na roƙa. Na ji ɗan daɗi daga nesa, kamar kiɗan biki a wata unguwa. Washegari na sake gwadawa. Kafin sati ya zagayo na koma karɓar rabina.

Shi kuma Mati abin bai karɓe shi ba. Ni da ƙanana na fara, shi da babba na fara masa, kuma sau da yawa ba abin da ke cikinsa sai shayi. Ya riƙa amai a bayan sito. Ya rame. Mafarki ya sa shi gaba, ba irin nawa ba: kullum kura ce take dawowa da baya a kan gada, shi yana ƙasa. Barci ya ƙaurace masa, ya riƙa yi wa iyalinsa faɗa, mutumin da ko akuya ba ya tsawata wa. Matarsa Asabe ta ce jifa ne. Ta zo gidan nan ta zauna a tabarmar uwarku tana kuka, ta ce an kai shi wajen malamai biyu, an yi turare, an yi rubutu, abu sai gaba yake. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina ji. Na san abin da yake damunsa. Shi ma ya yi zargi, amma bai faɗa wa kowa ba don kada a ce ni ne. Da ya tambaye ni, na ce masa jiki ne yake sabawa, ya daure. Na faɗi haka kamar ni ne likita.

Ranar komawa asibiti ta zo. Ƙaramin yatsan ya riga ya yi baƙi, na kusa da shi ya fara. Na ɓoye su cikin safa, a zafin Kwatano. Likita ta cire safar ta duba, ta kama hannuna na dama ta shinshina yatsuna. Ta ce Rabi ta nuna mata katin magani. Rabi ta nuna, ba ramin da ya rage a cike. Ta dube ni.

"Papa, ina ƙwayoyin suke zuwa?"

Ban iya ƙarya ido cikin ido ba. Na faɗa mata. Rabi ta tsaya da fassara a tsakiya, sai da na ce mata ci gaba. Na zaci likita za ta yi faɗa. Sai ta ajiye biro ta jingina da kujera. Ta ce ta ga masu mantawa, ta ga masu sayarwa, ta ga masu zubarwa a masai, amma ba ta taɓa ganin wanda ya raba magani kamar nama ba. Ta ce in gaya mata dalili. Na gaya mata gada, da buhu takwas, da alamar farce. Ta yi ta tambaya: wa yake fara sha, in ɗaya ya kwanta ciwo wa yake tura wa ɗayan, an taɓa canza mai tura baya. Ita ma nawa ya ba ta mamaki kamar yadda nata ya ba ni. Da na gama ta ce taba takan yarda a raba ta, wannan maganin ba ya yarda, don da jinin mutum ɗaya aka auna shi. Sannan ta tambayi shekarun Mati, ta ce a kawo shi yau, ba gobe ba.

Aka kawo shi, aka ɗebi jininsa. Ƙodarsa ba ta da ƙarfi, shi bai sani ba. Ƙoda ce take fitar da wannan maganin daga jiki, tasa kuma ba ta fitarwa da sauri. Likita ta ce ko ita ce za ta ba shi, da ƙarama za ta fara, tana sa masa ido. Ta ce an yi sa'a da abin ya tsaya a amai da mafarki. To ku auna da kanku wa ya cuci wa. Shi ya ba ni rabin tabar da na roƙa. Ni na ɗura masa abin da ya ƙi.

Yatsun ba su cetu ba. Likita ta ce ƙaramin wataƙila dama ya riga ya tafi. Na biyun ta yi shiru a kansa, ni ma na gane. Aka yanke. Da na dawo hayyacina abin da na fara yi shi ne lalubo gwiwa, sannan ƙwauri, sannan diddige. Duk suna nan. Na ce a nuna mini yatsun, ina son in ga yadda hanyar jinin take in ta tsuke. Ma'aikatan suka dubi juna, suka ce an riga an tafi da su.

Aka sake mini maganin daga farko, wata uku cur. A gida Rabi ta ce ina wasa da ƙwayar yamma kuma na koma shan taba a wajen Mati, ba ta ƙara komai ba, domin abin da na ce ta faɗa ke nan. Mati ma ya ce wa Asabe ciwon ƙoda ne aka gano, ya tsaya nan. Uwarku ta koma sa mini ƙwaya a baki da hannunta, ta tsaya sai ta ga maƙogwarona ya motsa, tana cewa tunda na zama yaro za a yi mini na yara. Ban musa ba. Likita kuma ta ce in nisanci wurin da na saba sha da mutumin da na saba sha da shi har maganin ya ƙare. A gaban Mati ta faɗa. Ni na yi gardama. Shi sai da muka fito baranda ya faɗi tasa, ni a keken marasa lafiya, shi a tsaye.

"Ba zan zo ba, Bakabe."

"Wa ya gayyace ka dama?"

"In na zo hannuna zai miƙo da kansa. Ban iya hana shi ba. Kai kuma ba ka iya ƙin karɓa ba."

Wata ukun nan da bai tako gidan nan ba, kuka ce kunyar mai laifi ce, dalilinsa ke nan. Kuma goron da ake aikowa duk Juma'a a ƙulle a ganye, ɓari ɗaya tak, wanda uwarku take jefawa a kwata tana cewa wa ya san abin da aka tofa a ciki, na san ma'anarsa tun na farko. Ɗayan ɓarin shi yake ci. Ina kallo ana jefarwa ban ce uffan ba, don in na yi bayanin goro sai na yi bayanin ƙwaya.

Da cikakken magani ƙishin ya kwanta. Ba mutuwa ya yi ba. Yakan leƙo bayan cin abinci, ya tsaya kaɗan, in sha ruwa ya wuce. Ciwon yankan ya rufe a hankali, na yi ta kallonsa kullum yana haɗewa kamar bakin buhu. Ranar da na haɗiye ƙwayar ƙarshe na tambayi likita, yanzu da aka janye kura, kamyo ba zai dawo ba? Ta ce wata uku yana zuwa ba ya samun wuri, direba ya sake hanya, amma in na buɗe masa sau ɗaya zai tuna. Ban buɗe ba. Mafarkin ma ya tafi tare da maganin. Wannan kam na yi kewarsa. Ban sake ganin inna ba.

Kura ban sake tura ta ba. Da yatsu uku ƙafa ba ta cizon ƙasa a hawan gada. Mati ya yi shekara guda da wani mai tura baya, ya ce numfashinsu bai zo ɗaya ba, shi ma ya ajiye. Likita ta yi masa tayin nasa maganin daidai ƙodarsa, ya ce ya ga mafarkin da ya ishe shi. Bai daina taba ba. Amma har yau yana dasa farce ya yi alama, ya sha zuwa alama, ya kashe, ya yar. Ya ce in ya wuce nan bakinsa ba ya karɓa. A bayan kamyo yake yi, ya kurkure baki, sannan ya zo ya zauna mu ɓare goro mu ci gaba da zagi.

Sallar nan a kai wa Mati tuwo. In kun haɗu da shi a hanya ku durƙusa ku gaishe shi, kawunku ne. In ba mai kaiwa, ni zan kai da ƙafata, tunda ina da ita.

Yanzu shekarata sittin da biyu. Ina zama a bakin siton albasa a Dantokpa, ni nake nuna wa kamyo inda za su tsaya. Har yau ban gane yadda ƙwaya take sanin hanya ba, katin ƙarshe yana cikin akwatina ba komai a ciki. Da safe nakan ɗora yatsu biyu a bayan ƙafar hagu in saurara, wata rana in ji bugu kaɗan, wata rana ba na ji, amma ƙafar da ɗuminta. Ina nan Zongo da ƙafa biyu da yatsu takwas. Rabina na tabar Mati yana can ƙasa a bayan kamyo kullum da la'asar. Shekara huɗu ban je na ɗauka ba.